Yaro ya ce "to" a gabanka, yana fita ya koma 'yar gidan jiya: ta ina za a ɓullo masa?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da bai daɗe da fara aiki da yaran da kotu ta sa a ƙarƙashin kulawa ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Nasiha na yi, gargaɗi na yi, na tuna musu abin da zai biyo baya idan suka karya sharuɗɗa. A gabana sai 'to, Malam', suna fita sai su koma ruwa. A wajen horo an ce mu riƙa duba abin da yaro ya iya maimakon laifinsa kaɗai. Shin wannan ba lallashi ba ne kawai? Kuma a aikace yaya ake yin sa?"

Ɗan'uwa, ba lallashi ba ne, kodayake akwai masu lalata shi har ya koma lallashi, kuma zan zo kan wannan. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa gargaɗinka ba ya tasiri, domin sai ka gane wannan sauran maganar za ta zauna maka.

Yaron da ke zaune a gabanka ya san hukuncin. Ya ji shi a bakin ɗan sanda, ya ji a bakin alƙali, ya ji a gida. Matsalarsa ba ƙarancin sani ba ce. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da taka wa zuciya birki ba ya gama nuna sai an shiga shekaru ashirin da wani abu, alhali sashen da ke kwaɗayin jin daɗi da yabon tsara ya farka tun lokacin balaga. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu tsaransu na kallo. Kasancewar tsara a wurin kawai ta sa matasan sun ƙara kasada sosai, manya kuwa ba su canza wani abin kirki ba. Wato yaron da ya ce maka "to" a ofis sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. A lokacin haka yake nufi. Amma da dare, abokai uku na jiransa, hotonka da na alƙali sun dusashe.

An gwada tsoratarwa har ƙarshenta. A shekarun 1970 a Amurka aka fara kai yara masu ƙananan laifuka gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey, masu ɗaurin rai da rai su yi musu tsawa su zayyana musu baƙar rayuwar kurkuku. Abin ya burge jama'a, ya bazu. Da Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi a kan irin wannan shiri, sai suka tarar yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba komawa ga laifi. Mark Lipsey ma a 2009 ya haɗa sakamakon bincike 548 a kan shirye-shiryen gyaran yara, ya ga waɗanda aka gina a kan koyar da ƙwarewa, shawara da gyara dangantaka su ne ke rage komawa laifi, waɗanda aka gina a kan horo mai tsanani da razanarwa kuwa ko dai ba su amfana ba ko sun ƙara dagula lamarin. Abin da tsoro ke saya maka shi ne biyayyar ganin ido, wadda ke ƙarewa ranar da aka rufe fayil.

Hanyar gini a kan ƙarfin mutum, wato wadda aka gaya muku a wajen horo, ta samo asali ne a fagen aikin jin daɗin jama'a, a Jami'ar Kansas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980, kuma Dennis Saleebey na cikin waɗanda suka fi yaɗa ta. Jigonta tambayoyi biyu ne: me yaron nan yake so a rayuwa, kuma me ya riga ya iya ko ya mallaka da zai kai shi can? Kada ka ɗauka ta zo ta kori auna haɗari. Tsarin da Don Andrews, James Bonta da Robert Hoge suka fitar a Kanada a 1990 yana nan daram: ka san girman haɗarin komawarsa laifi, ka san abubuwan da ke ingiza shi, irin su miyagun abokai, shaye-shaye, barin makaranta, zaman banza da rikicin gida. Wannan awon shi ke gaya maka inda za ka yi aiki da yawan lokacin da za ka ba yaron. Amma ba ya gaya maka abin da zai sa yaron ya motsa. Wannan sai ka nemo shi a cikin yaron.

Ruwa ba ya tsami banza. Tony Ward, masani daga Niyu Zilan, ya kafa tsarinsa a farkon shekarun 2000 a kan cewa mai laifi yana neman abubuwan da kowa ke nema ne, mutunci, abokai, gwaninta, 'yancin kai, kwanciyar hankali, sai dai ya bi ta ɓarauniyar hanya. Ɗauki yara huɗu da aka kama da satar waya. A takardar tuhuma laifinsu ɗaya ne. Na farko kuɗi yake nema saboda shi ke ciyar da ƙannensa. Na biyu so yake manyan yaran da yake bi su daina ce masa matsoraci. Na uku daɗin da yake ji shi ne ya buɗe wayar da aka kulle, ya ga ya fi kowa sanin kanta. Na huɗu bugun zuciyar da ke zuwa lokacin gudu yake nema, don shi kaɗai ke mantar da shi abin da ke faruwa a gida. In ka yi musu nasiha iri ɗaya, ka yi magana da laifin, ba ka yi magana da ko ɗaya daga cikinsu ba. Na farko hanyar samu yake buƙata, na biyu wasu mutanen da za su ga girmansa, na uku wurin da za a ce masa gwani a kan abin halal, na huɗu kuwa sai an leƙa gidansu tukuna.

Yanzu zaman farko, domin a nan ake yin rabin aikin ko a ɓata shi. Karanta fayil kafin ya shigo, sa'annan ka rufe ka ajiye gefe. Kada tebur ya raba ku. Kujeru biyu a ɗan karkace sun fi fuska da fuska, don yaro da yawa ba ya iya magana ana kallon ƙwayar idonsa. Zai shigo ya zauna a bakin kujera, kai a sunkuye, yana ɓantarar farcensa, duk abin da ka ce ya amsa da kalma ɗaya. Kada ka karanta wannan a matsayin raini. Kai ne mutum na biyar ko na shida da yake zama gabansa a kan maganar nan, kuma duk na baya tambayoyinsu sun ƙare da wani abu ya same shi. Minti talatin zuwa arba'in ya isa.

Fara da gaskiya tsirara: wane ne kai, me kotu ta ɗora maka, me za ka kai rahoto a kai, me zai tsaya tsakaninku, da kuma abin da ba za ka iya rufewa ba, wato idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari. Sa'annan ka raba masa abubuwa gida biyu. Akwai waɗanda ba su da ciniki, sharuɗɗan kotu ke nan, faɗe su da kalmomi masu sauƙi, kuma kada ka tambaye shi "ka gane?", domin amsar "e" ce kullum. Ce masa: "Maimaita min da bakinka, in ji ko na yi bayani daidai." Bincike a Ingila ya nuna fiye da rabin yaran da ke hannun hukumar shari'a suna da matsalar fahimtar magana ko bayyana ta, mafi yawa ba a taɓa gano musu ba. Yaro da dama da aka rubuta ya karya sharaɗi da gangan, bai fahimci sharaɗin ba ne tun farko, kunya ta hana shi faɗa.

Gida na biyu su ne abubuwan da yake da zaɓi a kai, kuma ka yawaita su iya ƙarfinka: ranar haɗuwa, safe ko yamma, wace matsala za a fara taɓawa, wa yake so ya zo tare da shi. Kada ka raina waɗannan. Edward Deci da Richard Ryan sun daɗe da nuna cewa himmar da ke ɗorewa tana tsirowa ne inda mutum ya ji abu uku: yana da ta cewa, ya iya wani abu, kuma akwai wanda ya damu da shi. Yaron da kotu ta turo an ƙwace masa na farko, makaranta ta daɗe da ƙwace masa na biyu, na uku kuma yana tangal-tangal. Kowane ƙaramin zaɓi da ka ba shi kana mayar masa da ɗan abin da aka ƙwace ne.

Wajen tono ƙarfinsa, kuskuren kowa shi ne tambayar "me ka iya?" Zai ɗaga kafaɗa ya ce "ba komai", kuma har zuciyarsa haka ya yarda. Bi ta gefe. Sa shi ya ba ka labarin jiya tun daga farkawa har kwanciya, kana sauraron inda wani ya dogara da shi, inda ya jure wani abu, inda lokaci ya wuce masa bai sani ba. Sa'annan ka nemi ranakun da matsalar ba ta faru ba, dabarar da Steve de Shazer da Insoo Kim Berg suka bunƙasa a birnin Milwaukee na Amurka. Babu yaron da ke faɗa kowace rana. A ce fayil ya ce ɗan shekara 15 ne mai saurin hannu. Zancen zai iya tafiya haka:

"Akwai ranar da aka tsokane ka sosai amma ba ka daki kowa ba?"

Shiru. Ka jure shirun, ka ƙirga har goma a zuciyarka.

"Satin can. Wani ya zagi babata."

"Wannan ai babba ce. Yaya aka yi?"

"Ƙanwata na riƙe da hannuna. Daga makaranta na ɗauko ta."

"Kai ke ɗauko ta kullum?"

"In ban je ba tsayawa take a bakin ƙofa tana kuka."

"Wato an zagi mahaifiyarka, jininka ya tafasa, amma ka haɗiye saboda ba ka so ƙanwarka ta ga faɗa. Me ka yi da jikinka a lokacin?"

"Na dai matse hannunta na ƙara sauri."

Dubi abin da ka samu cikin minti biyu. Yaron da aka rubuta ba ya iya riƙe fushi ya riƙe shi a kan zagi mafi zafi. Yana da alhakin da yake saukewa kullum ba tare da an sa shi ba. Yana da dalili, ƙanwarsa. Yana ma da dabara tasa ta kansa, barin wurin da sauri. Ba kai ka koya masa ko ɗaya ba, shi ya sa ba zai yi musu da su ba. Aikinka yanzu shi ne ka faɗaɗa wannan ranar ta zama ranaku.

Je ka ga na gida ma. Uwa ko kaka za ta fara da ƙorafi. Bar ta ta sauke na minti goma, ta cancanta, ta sha wuya. Sa'annan ka ce: "Mama, yaushe rabon da ya yi abin da ya faranta miki rai?" Idan yaron na wurin ya ji amsar, sau da yawa wannan ce kalmar alheri ta farko da ya ji a kansa daga bakinta cikin watanni. Ko a cikin laifin kansa akwai ƙwarewa: wanda ya tsara yara biyar suka bi shi yana da baiwar jagoranci, wanda ke sayar da kayan sata ya iya ciniki. Ka ambaci ƙwarewar ba tare da ka wanke aikin ba.

Sai yadda ake magana. William Miller ya fara bayyana hirar zaburarwa, wato hirar da ke sa mutum ya nemo dalilan canji da kansa, a 1983 a wajen aiki da mashaya giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta a 1991. Abin da suka lura da shi ya shafe ka kai tsaye. Mutumin da ke da zuciya biyu a kan wani hali, idan ka kama ɓangare ɗaya kana kare shi, shi sai ya kama ɗayan. Ka ce "ƙwaya za ta kashe ka", ya ce "ai ba kullum nake sha ba". Ka ƙara hujja, ya ƙara tasa. Bayan minti ashirin ya ji kansa yana kare shaye-shaye sau goma, kuma mutum ya fi gaskata abin da ya fito daga bakinsa. Nasiharka ta ƙarfafa abin da kake yaƙa. Don haka juya aikin: dalilan canji su fito daga bakinsa shi.

Ma'auni mai sauƙi shi ne yaron ya fi ka yawan magana a zaman, kuma a kan kowace tambaya ɗaya ka mayar masa da maganarsa sau biyu, wato ka faɗi abin da ka fahimta ya ce, kamar yadda aka yi a misalin ƙanwa. Tambayoyi a jere suna mayar da zaman ofishin 'yan sanda. Akwai kuma tambayar sikeli: "Daga sifili zuwa goma, yaya muhimmancin komawa makaranta yake a wurinka?" Ya ce huɗu. Kada ka ce "me ya sa ba takwas ba?", don zai lissafo maka dalilan ƙin komawa. Ce masa "me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" Dole yanzu ya nemo dalilan komawa: "Ban so in ƙare kamar yayana." Riƙe wannan jimlar, tasa ce, za ka dawo masa da ita nan gaba. Sa'annan ka sake sikelin a kan wani abu daban: "Idan ka yanke shawarar komawa, yaya kake ganin za ka iya?" Raba waɗannan biyun yana da muhimmanci ƙwarai. Yaro da yawa da ake cewa ba ya so, yana so tara cikin goma, amma yardarsa cewa zai iya biyu ce. Ɗan shekara 14 da bai iya karatu ba gara masa a ce masa taƙadari da a ce masa daƙiƙi a gaban aji. Wannan ba wa'azi yake buƙata ba, wanda zai koya masa karatu a keɓe yake buƙata.

Idan an zo rubuta tsari, buri biyu, in ya yi yawa uku. Tsari mai sharuɗɗa goma sha biyar tarko ne, ko babba zai faɗa. Rubuta kowane buri a matsayin abin da za a yi. "Daina yawo da su wane" rami ne ka haƙa ba ka cike ba. Ina zai je da ƙarfe huɗu na yamma? A Amurka ƙididdiga ta daɗe tana nuna laifukan tashin hankali na yara sun fi yawa a sa'o'in da ke bin tashi daga makaranta. Kowane yaro yana da nasa sa'o'in haɗari. Zana mako guda tare da shi a takarda, ya nuna maka su da yatsa, sa'annan ku zuba abin da yake so a daidai waɗannan gurabe. Matakin farko ya zama wanda zai kammala cikin kwana bakwai kuma kana da yaƙinin zai iya. Ga mai buɗe wayoyi, ba "ya koyi sana'a" za ka rubuta ba. Rubuta: ranar Talata da ƙarfe huɗu za mu je tare wurin mai gyaran waya, ya zauna awa ɗaya ya kalla. Kafin ku rabu ka tambaye shi: "Me zai iya hana ka zuwa?" Kuɗin mota, rashin takalmi, kunyar shiga wurin da bai san kowa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke kashe tsari, ba taurin kai ba. Kuma ka gaya wa mai gyaran gaskiyar laifin yaron gwargwadon yadda doka ta ba ka dama, da sanin yaron. In ya ji daga baya a bakin wani, an rasa wurin.

Yabo yana da ƙa'ida. "Kai yaron kirki ne" ba ya shiga, don bai yarda ba, kuma zai ɗauka kana neman wani abu. Yabi aikin, da sunansa, nan take: "Ka zo kafin lokaci duk da ruwan da ake yi, na lura." A keɓe ya fi, domin yabon jami'i a gaban tsara na iya zame masa abin gori. Masu aikin sa ido kan masu laifi suna amfani da ma'aunin ƙarfafawa huɗu a kan kowane hukunci ɗaya. Daga aiki da manya aka samo shi, amma ya dace a matsayin madubi: duba rubutunka na wata guda a kan yaro ɗaya, ka ƙirga. Hukunci kuma yana nan, sai dai tasirinsa yana cikin tabbas da sauri ne fiye da girma. Ƙaramin mataki da ya zo washegari, wanda yaron ya san da shi tun farko, ya fi a kawar da kai sau biyar sa'annan rana ɗaya a mayar da shi kotu.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa: yaron nan kullum shi ake yi wa. Ana masa shari'a, ana masa nasiha, ana masa taimako. Shadd Maruna, a binciken da ya yi a Liverpool ya wallafa a 2001, ya kwatanta waɗanda suka bar laifi da waɗanda suka ci gaba. Masu ci gaba da laifi suna ba da labarin kansu a matsayin waɗanda ƙaddara ta riga ta gama da su. Waɗanda suka bari kuwa suna cewa asalinsu mutanen kirki ne da suka ɓata hanya, wani ya ga alherinsu, kuma yanzu suna so su amfani wasu. Saboda haka nema wa yaron wurin da za a buƙace shi: ya koya wa ƙanana ƙwallo ƙarƙashin kulawar babba, ya gyara abin da ya lalace a makaranta, ya taimaki tsoho. Aikin ya zama mai ma'ana wanda za a gode masa a kai. Sharar titi da riga mai tambarin masu laifi tozartawa ce.

A nan ne kuma haƙƙin wanda aka zalunta yake shigowa, kuma shi ne amsa ga masu cewa lallashi ne. Tun 1989 dokar Niyu Zilan ta kafa taron iyali, inda yaro da danginsa da wanda aka cuta, in ya yarda, suke zama a tsara yadda za a gyara ɓarna. Kallon idon matar da ka fizge wa jaka tana gaya maka ta daina fita da dare ya fi tsayawa gaban alƙali wuya. Amma kada a gaggauta. Haƙurin da aka tilasta a makon farko cin fuska ne ga wanda aka cuta, kuma yana koya wa yaron cewa kalmomi kawai ake so. Yaron da ya fara ganin yana da wata daraja shi ke iya ɗaukar nauyin laifinsa. Wanda ya ɗauki kansa shara kullum kare kansa yake. Idan abokan aiki suka matsa maka, tuna musu Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989: sashe na 40 ya ce a bi da yaron da ake tuhuma ta hanyar da za ta ƙarfafa mutuncinsa ta kuma mayar da shi mai amfani a cikin al'umma, sashe na 37 kuma ya ce tsarewa ta zama matakin ƙarshe, na mafi gajeren lokacin da ya dace.

Inda abin ke lalacewa kuwa, na farko shi ne gurbin "ƙarfin yaro" a fom, a rubuta "yana son ƙwallo" a wuce, tsarin kuma bai ambaci ƙwallo ko sau ɗaya ba. Ƙarfin da bai shiga tsari ba ado ne. Sai alkawarin da jami'i ya kasa cikawa. Ka ce za ka kira makaranta ranar Litinin, ka manta. A wurinka ƙaramin abu ne, a wurinsa ka shiga jerin manyan da suka saɓa masa. Yi alkawari kaɗan, ka cika shi a kan lokaci.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne tara yara masu laifi wuri ɗaya da sunan shiri. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Thomas Dishion, Joan McCord da François Poulin sun nuna a 1999 yadda irin wannan tarawa ke ƙara lalata yara, suna yi wa juna dariyar yabo a kan labarin ɓarna. McCord ɗin ce ta bi sawun yaran wani shirin taimako da aka fara a Cambridge da Somerville a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, ta tarar bayan shekara talatin waɗanda aka taimaka sun fi waɗanda ba a taimaka ba shiga matsala. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Inda zai yiwu, sa yaron cikin ƙungiyar da yawancin yaranta ba su da laifi. Yaron da haɗarinsa ƙarami ne kuma kada ka cika masa hannu; Terrie Moffitt ta bayyana a 1993 cewa mafi yawan masu laifi a ƙuruciya suna bari da kansu idan sun girma, matuƙar ba a datse musu makaranta da aiki ba.

Wani lokaci kuma abin da kake gani ba rashin himma ba ne sam. Yaron da bai ci abinci ba, ko bai san inda zai kwana ba, ko jikinsa ya kamu da ƙwaya har yana rawa in bai sha ba, ko ana dukansa a gida, ba sikeli zai tashe shi ba. Fara da wannan, ka haɗa shi da likita ko hukumar da ta dace. Ga 'yan mata musamman, gudu daga gida sau da yawa gudun tsira ne daga cin zarafi, kuma mayar da yarinya gidan ba tare da bincike ba na iya zama mayar da ita hannun mai cutar da ita. Masu manyan laifuka na zubar da jini ko lalata kuwa, wannan hanya tana aiki ne a cikin tsauraran matakan tsaro tare da ƙwararru, ba a madadinsu ba. Akwai kuma yaro mai wayo da zai gane irin kalmomin da kake so ya riƙa zuba maka su. Auna shi da ƙafafunsa: ya je ranar Talatar ko bai je ba?

Zai yi tuntuɓe, ka sa wannan a lissafi tun yanzu don kada ka ɗauke shi cin amana. Ranar da ya dawo bayan ya sake faɗa, ka aiwatar da matakin da kuka yi yarjejeniya a kai ba tare da huci ba, sa'annan ka zauna da shi ku warware ranar: ƙarfe nawa, da wa, me ya faru kafin nan. Sai ka tambaye shi yadda ya yi ya riƙe kansa makonnin da suka gabata, domin a idonsa sun goge, a wurinka kuwa su ne hujja. A rahotonka ga kotu ka rubuta duka biyun da adadi: ya halarci zama tara cikin goma sha ɗaya, ya yi faɗa sau ɗaya bayan mako biyar, a da kuwa kusan kowane mako ne. Alƙali da abin da ka rubuta yake yanke hukunci.

Daga ranar farko kuma ka riƙa shirin ranar da za ka fita daga rayuwarsa. Emmy Werner da Ruth Smith sun bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya nagari, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne wani babba guda da ya tsaya musu, kaka, ƙanwar uwa, malami, maƙwabci. Kai ba za ka iya zama wannan mutumin ba, wa'adinka wata shida ne ko shekara. Tambayi yaron: "Idan ka shiga matsala da tsakar dare, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?" Wanda ya ambata, a tantance shi, a jawo shi cikin tsarin tun da wuri. Kada ka haɗa shi da mai sa kai da zai ɓace bayan wata biyu. Binciken Jean Grossman da Jean Rhodes na 2002 ya nuna yaran da irin wannan dangantaka ta yanke musu kafin wata uku sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu. Saura mako shida a rufe fayil, ka fara rage zamanku kana ƙara na wancan mutumin. A zaman ƙarshe ku zauna ku uku, yaron ya faɗa da bakinsa abin da ya canza da yadda ya yi, ka rubuta masa a takarda guda da kalmominsa, tare da sa'o'in haɗarinsa da sunan wanda zai nema in abu ya taso, ka ba shi kwafi ɗaya, ka ba babban nasa ɗaya.